Wa Za Ki Fara Dubawa, Auta?

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙarfin jiki? Baba ya gaya mini an yi miki aikin matsarmama, an kwashe duwatsun, har an sallamo ki. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai Mama da ciwon bayan nan nata. Na kira wayarki har na gaji, sai Baba ya ce in daina wahalar da kaina, tana cikin durowa a kashe tun da kunnenki ya yi nauyi. Ya ce in rubuto in ba Direba, tunda kullum yana kan hanya tsakanin garinmu da naku.

Na san ban kyauta ba. Rabona da ke tun ina sakandare, ga shi sai da buƙata ta taso na tuna da ke. Amma ke kaɗai ce nas a danginmu kaf, ko da yake sai an zauna an warware kafin a gano inda kakanki da kakan Baba suka haɗu.

Gwaggo, jarrabawar lasisi ce ta sa ni a gaba. Sau biyu ina faɗuwa, wannan ta ƙarshen wata ita ce damata ta ƙarshe. In na sake faɗuwa sai dai in koma makaranta, ni kuwa na san kaina, ba zan koma ba. A shagon maganin nan zan tsufa ina miƙa wa mutane ƙwayar ciwon kai. Sunayen magunguna na haddace su, ƙasusuwan jiki ko a barci aka tashe ni zan jero su. Abin da ke kayar da ni guda ɗaya ne: a jero mini marasa lafiya huɗu da aka fito da su daga tiyata, a ce wa zan fara dubawa. Duk su huɗun suna buƙatata, to ta yaya zan zaɓa?

Ga tambayoyin gwaji da amsoshina na haɗo. Ki duba in jikin ya bari.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ɗinki yana kamewa. Ki gai da babanki, ki ce wa mamanki ta daina wanki a duƙe.

Na karanta amsoshinki a kujerata ta bakin taga, sai da jan birona ya kusa ƙarewa. Ke yarinyar nan, nas kike so ki zama ko mai rarrashi? Duk inda aka ce wani yana kuka, can kika nufa da gudu.

Dubi ta farko. Ga mutum yana ihu ciwo ya ishe shi, ga mata tana amai, ga tsoho yana faɗa a sallame shi, ga wata da aka yi wa aikin maƙoƙo, wuyanta yana kumbura, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana hura usur. Kika zaɓi mai ihu, har kika rubuta a gefe wai ya fi su shan wahala. Wa ya tambaye ki wanda ya fi shan wahala? Mai ihu iska ce take shiga tana fita, shi ya sa kike jin sa. Matar can jini ne yake taruwa a wuyanta yana matse maƙogwaro. Kafin ki gama zuƙo allurar ciwon, ta gama. Hanyar iska tukuna, sai numfashi, sai jini, sannan ciwo. Ba a ce ki manta da mai ihu ba, cewa aka yi ya jira.

Ta shida ta fi ba ni haushi. Saurayi an yi masa aikin ciki, ya ƙi kwanciya wuri ɗaya, yana ta neman ruwa, bugun jininsa yana sauri, tafin hannunsa sanyi ƙalau, bandeji a bushe. Kika ce tsoro ne, a kwantar masa da hankali. Don bandeji ya bushe shi ke nan babu jini? Jini ba ya neman izininki kafin ya zuba ta ciki. Ko wanda ya fito waje ma gangarawa yake ƙarƙashin mutum. Zura hannu ake yi a bayansa, a leƙa robar fitsari a ga ko ya ragu. Kada ki tsaya jiran awon jini ya faɗi, shi ne na ƙarshen ba da labari.

Ki daina tambayar kanki wa ya fi ba ki tausayi. Ki tambayi kanki, in na juya baya na ɗan lokaci, wa zan dawo in tarar babu? Sake turo wasu. Kuma ki gyara rubutunki, idona ba na yarinya ba ne.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Barka da war haka. Ina fata jiki yana ƙara kyau. Mama ta ce ta ji, amma ba ta daina ba.

Na gode, duk da dai ranar da takardarki ta iso sai da na shiga bayan kantar shago na share hawaye, mai shago yana tsammanin rasuwa aka yi. Na bi abin da kika ce, makina ya ɗan ɗaga. Amma Gwaggo, kin jefa ni a rami. Tambayar nan ta wanda awon jininsa yake sauka bayan tiyata, kika rubuta mini a gefe da jan biro cewa a buɗe ƙarin ruwa a ƙwala wa likita kira a lokaci guda. Haka na amsa a gwajin da muka yi, aka kafta mini kuskure. Littafi ya ce a fara duba mara lafiya. Na kawo maganarki, malamin da yake yi mana bita ya yi dariya ya ce a jarrabawa hannu ɗaya gare ni, abu ɗaya zan zaɓa.

To wa zan bi? In bi ki in faɗi, ko in bi littafi ki ce zan kashe mutane? Kaina ya ɗau zafi. Ga abokiyar ɗakina da rediyonta, ga mai shago da ba ya so ya ga littafi a kan kanta. Wani lokaci ji nake kamar in tattara takardun nan in cinna musu ashana in huta.

Ga wasu na turo, sun fi na baya yawa. Ki yi haƙuri da ni.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gai da mutanen gida. Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai ƙafar hagu da ta ɗan kumbura daga sha-raɓa, tana zafi in na taka. Jijiya ce ta riƙe, na san jikina, zaman kujerar nan ne ya yi yawa. Jiya kuma da na hau bene sai da na tsaya a tsakiya ina haki, wani abu yana ɗan sukata a ƙirji in na ja numfashi. Tsufa ne ba wani abu ba. Maƙwabciyata Mai Ɗinki ta ce in ta gama kayan da ke gabanta za ta zo ta murza mini ƙafar da man zafi. Yanzu mu koma kan shirmenki.

Malaminku da dariyarsa! Ina so in gan shi shi kaɗai a ɗakin marasa lafiya, gadaje cike, likita yana can cikin tiyata, mu ga ko hannu ɗaya zai yi amfani da shi. Amma ki bi shi, shi ke da maki. Asibitin cikin jarrabawa ba irin wanda na yi aiki a ciki ba ne. Can komai akwai, likita yana bayan ƙofa, ba abin da ya taɓa ƙarewa. Ga yadda za ki raba: in labarin da aka ba ki bai isa ki san abin da ke faruwa ba, ki duba tukuna. In an riga an ba ki alamun a fili, kada ki tsaya sake aune-aune, ki yi abin da zai ceci rai.

Wannan karon kin yi abin kai a wurare da dama, ba zan ɓoye ba. Wadda aka yi wa allurar ciwo mai ƙarfi, tana barci ba ta tasuwa, numfashinta jefi-jefi, kin fara da ita, daidai ne. Mai ɗan zazzaɓi washegarin tiyata kin bar shi ya jira, kin ce a sa shi jan numfashi da tari, daidai ne. Sai kuma kika zo kika zubar da mutuncina a ta ƙarshe. Ɗinkin ciki ya ɓalle, hanji ya leƙo, kika ce ki ruga ki kira likita. Ki bar mutum da hanjinsa a waje ki tafi yawo? Ki tsaya a kansa. Ki rufe wurin da tsaftataccen ƙyallen asibiti da aka jiƙa da ruwan gishirin ƙarin ruwa, ki sa ya lanƙwashe gwiwa, ki aiki wani ya kira likita. Kada ki kuskura ki tura komai ciki. Bakinki na mene ne? Nas ba ita kaɗai take aiki ba, aike ma aiki ne.

Ashana kuma ki adana ta, ki dafa shayi ki zauna ki yi karatu.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na ji daɗi da kike lafiya lau. A tsaye nake rubutun nan, Direba yana ta danna mini oda a ƙofar shago.

Kin ce na yi abin kai! Sau nawa na karanta layin nan ban sani ba. Tambaya ɗaya kawai: a maganar hanjin nan, in babu kowa kusa da zan aika fa? Ƙararrawar gado zan danna in ci gaba da tsayuwa? Jarrabawa ranar Asabar ce. Direba ya ce motarsa za ta kwana biyu a gareji, don haka wataƙila amsarki ba za ta riske ni ba. Ki sa ni a addu'a.

Auta

*

Gwaggo,

Ba zan tambaye ki jiki ba, don na san abin da za ki ce.

Yau da hantsi ina bitar babin gudan jini, na ci karo da tambaya: mata bayan tiyata, sha-raɓa a kumbure, ga haki, ga suka a ƙirji. Ban ko yi tunani ba na amsa, gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya nufi huhu, ita za a fara dubawa, kada a murza ƙafar, kada a bar ta ta taka. Na duba amsoshi a bayan littafin na ga na ci. Har na yi murmushi. Sai na tuna na ga kalmomin nan a wani wuri ba a littafi ba. Na zazzage jakata a kan kanta, na ciro takardarki.

Tun shekaranjiya take hannuna, Gwaggo. Na ga "lafiya lau", na tsallake gaisuwar kamar yadda kowa yake tsallakewa, na faɗa inda jan biro yake ina neman yabo. Har na rubuto miki wai na ji daɗi kina lafiya. Ni ce wawuya, na yarda. Amma ke fa? Ke da kika ƙare ƙuruciyarki a kan masu tiyata, ki ɗauki abu irin wannan ki cusa shi tsakanin "gai da mutanen gida" da "mu koma kan shirmenki"? Jijiya? Tsufa? Man zafi? Da ni na rubuta miki wannan amsar da kin yaga takardar.

Na kira wayarki, tana durowa tana barcinta. Na kira Baba, ya kira Direba, Direba ya nemo lambar mai walda na ƙasan beninku, shi ya haɗa ni da Mai Ɗinki. Ta ce yanzun nan take shirin hawa da kwalbar man a hannu. Na yi mata ihun da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce ta ajiye kwalbar, kada ki taka ko matakala ɗaya, a ɗauko ki a kan kujera, a wuce da ke sashen gaggawa, a gaya musu an yi miki tiyata kwanan nan. Na ce za ki zage su, su toshe kunne.

Sai kuma abin da ya fi yi mini nauyi. Ba zan zo ba. Na je har tasha, na tsaya a bakin mota da jakata. In na shiga, jarrabawar gobe ta wuce ni, kuma in na iso ba abin da zan yi miki wanda likitoci ba sa yi. Na juyo ina kuka kamar ƙaramar yarinya. In kin ga na yi rashin kunya, ki yafe mini. Wannan takardar sai mota ta fito daga gareji za ta same ki, Allah ya sa ta same ki.

Auta

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mai Ɗinki ta ce an yi hoto an ga gudan, an sa miki iska da allurar tsinka jini, har kin fara yi wa ma'aikata faɗa. Da na ji maganar faɗan ne hankalina ya ɗan kwanta. Amma ta ce duk lokacin da ta kara miki waya a kunne ta ce ni ce, sai ki juya fuska bango.

Na rubuta jarrabawar. Ban san abin da na yi ba. Kowace mata a cikin tambayoyin fuskarki gare ta. Sau ɗaya har na miƙe zan fita, mai gadin jarrabawa ya harare ni na koma na zauna.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wayam. Na tambayi Baba ko in taho, ya ce kin aiko cewa ba kya son ganin kowa. In fushi kike don ban zo ba, ki faɗa mini da bakinki, ko da jan biro ne. Shirun nan ya ishe ni. Ni ma fa ina da nawa fushin, ajiye shi kawai na yi saboda kina kwance.

Auta

*

Gwaggo,

Sakamako ya fito. Na ci. Ban sani ba ko kina so ki ji.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ba ni da lafiya sosai. Ƙafar ba ta gama saɓewa ba, numfashi yana dawowa a hankali, hawa bene sai an riƙe ni. Ga shi nan na faɗa a fili, ki karanta da kyau.

Kin san abin da kika jawo mini? Ina zaune da zanen gida, sai ga Mai Ɗinki ta faɗo ɗaki da tef ɗin awo a wuya, mijinta da mai walda a bayanta. Ban gama tambayar ko lafiya ba suka sure ni da kujerar gaba ɗaya. Haka aka sauko da ni kamar tsohon firji, duk maƙwabta sun fito baranda suna kallo. Na zage su tas, mai walda ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, nas ce ta ba da umarni." Na ce ni ce nas a gidan nan. Ya ce, "To waccan ta fi ki ƙarfin murya."

Aka kai ni sashen da na riƙe shekara da shekaru. Wadda take shugabancin wurin yanzu ɗalibata ce, yarinyar da na taɓa kora daga ɗakin tiyata saboda dogon farce. Ta ɗaga zane ta kalli ƙafata, ta kalle ni, ta ce, "Sista, yaushe ya fara?" Na faɗa mata. Ta mayar da zanen ta juya ta kira likita, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Likita kuwa bai ji nauyina ba, ya ce da an murza ƙafar nan ko an ƙara kwana, da wata maganar ake yi.

Ba fushi ne ya hana ni amsa ki ba, kunya ce. Tun ranar da ƙafar ta kumbura na san ko mene ne. Da wata ce a gado na ga haka, da na tashi asibiti tsaye. Amma da ya zo kaina sai na yi ta lallashin kaina da jijiya, don ba na so in koma gadon nan a juya ni kamar kayan wanki. Da wace fuska zan ɗauki wayar yarinyar da nake yi wa jan biro?

Maganar zuwa kuma, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar Asabar ɗin nan na yi ta kallon ƙofa. Duk takun da na ji sai in ce ke ce. Da yamma ta yi ba ki zo ba, na ji zafi a raina sosai. Kuma da kin shigo, da sandar ƙarin ruwan nan zan kore ki har tasha. Duka biyun gaskiya ne, ki riƙe su haka, ni ma haka na riƙe su.

Takardarki ta ƙarshe ta iso ina cin abinci. Wai ba ki sani ba ko ina so in ji. Mai Ɗinki za ta ba ki labari, don ita ta share miyar da na kifar, kuma ita ta ce in rage murya mutane za su ɗauka gobara ce.

Yanzu ga abin da nake so. An sallamo ni da allurar tsinka jini, kullum sai an soka a fatar ciki. Ni nake yi wa kaina, hannuna kuma ya fara rawa, cikina duk ya yi shuɗi. Mai Ɗinki ta ce za ta gwada tunda ta saba da allura, na ce ta tsaya a kan yadi. Asibiti sun ce za su riƙa turo ɗaliba, na ce a'a. Tunda nake ban taɓa barin ɗaliba ta soke ni ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Ki ce wa mai shago ya nemi wata. Ki biyo Direba gobe, ki yanke farcenki kafin ki taho. Nas nake so ta yi mini allurar nan.

Gwaggonki